Fayiloli Marasa Komai Masu Sunan da Ba Ya Karantuwa: Daga Ina Suke Fitowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da uwar garken wata makaranta, Ubuntu ce a kanta. Na shiga foldar `/root` na tarar da fayiloli kusan goma da ban san da zamansu ba. Girmansu sifili ne, sunayensu kuwa alamomin tambaya ne da haruffa barkatai. Na kwafi sunan ɗaya na ba `rm`, umarnin gogewa, ta ce babu fayil mai wannan suna. Kutse aka yi mana? Yaya zan goge su? *Mai karatu daga Zariya*

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da gogewa tukuna. Ko da babu komai a cikin fayil, yana ɗauke da shaidu huɗu: ainihin sunansa, mai shi, lokacin da aka ƙirƙire shi, da foldar da ya faɗo. Da zarar ka goge, shaidun sun tafi, kuma abin da ya haife su yana nan daram.

Linux tana yarda a sa kowane bayit a sunan fayil, ban da alamar `/` da bayit sifili, matuƙar sunan bai wuce bayit 255 ba. Idan `ls`, umarnin jera fayiloli, ta ci karo da bayit ɗin da ba za ta iya nunawa ba, tana iya sa alamar tambaya a gurbinsa, musamman tsohuwar sigarta. Abin da ka kwafa daga allo ba shi ne sunan da ke kan faifai ba, shi ya sa `rm` ta ce ba ta gan shi ba. Kada ma ka sake gwadawa, domin a wurin Bash, manhajar da ke karanta umarnin da kake rubutawa, alamar `?` tana nufin "kowane harafi ɗaya". Wanda ya rubuta `rm ???` zai share duk fayil mai suna na haruffa uku da ke foldar, har da masu amfani.

Ga yadda za ka ga ainihin sunan:

`LC_ALL=C ls -lib /root`

Harafin `b` yana rubuta baƙin bayit da lambobi, kamar `\033` ko `\377`. Harafin `i` yana fito da lambar inod, wadda da ita tsarin fayil ya san kowane fayil, ita ce ta farko a layi. Kafin ka taɓa komai, adana bayanansu:

`find /root -maxdepth 1 -type f -empty -exec stat {} + > /var/tmp/shaida.txt`

A cikin abin da `stat` ta fitar, ka fi mai da hankali kan layin `Change` da na `Birth`. Lokacin `Modify` mai fayil ɗin na iya sauya shi da `touch`, amma `Change` kanel, wato zuciyar Linux, ce ke rubuta shi da kanta. Ko matsar da fayil zuwa wata folda kan sauya `Change`, shi ya sa adana bayanan ya zo kafin komai. Idan layin `Birth` fanko ne saboda tsarin tsoho ne, a kan tsarin fayil na ext4 `debugfs -R 'stat <393231>' /dev/sda1` za ta nuna shi da sunan `crtime`, ka dai sa lambar inod ɗinka da sunan faifanka.

Abin da muka fi zato a irin naka shi ne alamar `>`. Duk sanda Bash ta ga `>` a layin umarni, sai ta fara buɗe fayil ɗin da aka ambata bayanta, ta ƙirƙire shi idan babu, kafin ma ta duba ko umarnin na gaskiya ne. Ka gwada a folda ta gwaji: rubuta `babuwannan > gwaji`. Za ta ce `command not found`, amma `gwaji` ya samu, girmansa sifili. To, duk wani tarkacen rubutu da ya shiga tagar umarni, muddin da `>` a cikinsa, zai bar irin waɗannan fayiloli.

Tarkace yakan shiga ta hanyoyi sanannu. A PuTTY, manhajar shiga uwar garke daga nesa, danna ɓangaren dama na linzami liƙawa yake yi nan take, ba tambaya. Idan abin da aka kwafa saƙon imel ne mai layukan da suka fara da `>`, kowane layi fayil guda ne: `> Ina kwana Malam` zai haifar da fayil mai suna `Ina`. Irin waɗannan sunayensu na karantuwa. Masu sunan barkatai kamar naka galibi daga fayil ɗin manhaja ko matsattsen fayil suke, wanda wani ya ba `sh` ta karanta a matsayin rubutun umarni, misali `sh kunshi.tar.gz`, ko `curl` ta sauko da abin da ba a zata ba aka tura shi kai tsaye cikin `sh`. A matsattsen fayil, bayit ɗin `>` yakan bayyana kusan sau ɗaya cikin kowane bayit 256, watau wajen sau 4000 a megabayit guda. Abin da ke hana foldar cika maƙil shi ne `sh` takan tsaya da zarar ta haɗu da baka ko alamar zance da ba a rufe ba. Shi ya sa ake samun biyar ko goma kawai, dukansu a daƙiƙa ɗaya.

Daƙiƙar nan ita za ka bi. Idan fayilolin duk lokacinsu ɗaya, mai su `root`, babban asusun tsarin, kuma suna cikin `/root`, duba wanda yake ciki a lokacin da `last -F`, ka karanta `/var/log/auth.log` da `/root/.bash_history`, sannan ka ba `journalctl` iyakar mintunan da `--since` da `--until`. Foldar ma tana faɗin wani abu. Ayyukan cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka bisa jadawali, suna farawa ne daga gidan mai aikin, don haka na `root` a `/root` suke zubar da tarkacensu. Ayyukan systemd kuwa, manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin, daga `/` suke farawa idan ba a saita musu wata folda ba. In lokacin ya dace da ranar da kai ko abokin aikinka kuke girka wata manhaja, kun gano bakin zaren. In kuma babu wanda ya san da wannan shigar, ko adireshin da aka shigo daga shi baƙo ne, sai ka karanta amsar tambaya ta biyar a ƙasa.

Bayan ka gamsu, goge su ɗaya bayan ɗaya da lambar inod:

`find /root -maxdepth 1 -inum 393231 -ok rm {} \;`

Za ta tambaye ka kafin ta goge. Lambar inod a cikin tsarin fayil guda kaɗai take da ma'ana, don haka kada ka ba `find` tushen `/` ba tare da `-xdev` ba, kada ta tsallaka wani faifan ta samu wani fayil mai lamba iri ɗaya. In sunan da `-` ya fara, `rm ./-suna` ta wadatar. In kuma allonka ya rikice bayan ka yi `echo *` a foldar, rubuta `reset` ka danna shiga, ko da ba ka ganin abin da kake rubutawa.

TAMBAYA: Nawa biyu ne kuma ba sa jin gogewa. Ɗaya `ajiya.sql?`, ɗaya `90`. Na goge da yamma, da safe sun dawo, lokacinsu ƙarfe biyu na dare. *Mai karatu daga Maradi*

AMSA: Ɗan'uwa, na farkon ya fi damun mu, domin alama ce cewa kwafin ajiyar da kake zaton ana ɗauka kowane dare ba a ɗaukar sa. Yi `ls -b`, muna kyautata zaton za ka ga `ajiya.sql\r`. Windows tana rufe kowane layi da bayit biyu, 13 da 10, Linux kuwa da 10 kaɗai. Idan an rubuta rubutun umarni a Windows aka ɗora shi haka, Bash tana ɗaukar bayit 13 a matsayin wani ɓangare na kalmar ƙarshe a layin. Layin `DB=makaranta` sai ya zama suna mai wutsiyar da ba a gani. Layin `cd /srv/ajiya` ya gaza, rubutun ya ci gaba daga gidan mai cron. Da aka iso `pg_dump "$DB" > ajiya.sql`, Bash ta ƙirƙiri fayil mai wutsiya, `pg_dump`, mai ɗaukar kwafin, ta nemi rumbun bayanai mai sunan da babu shi, ta fita ba ta rubuta ko bayit ɗaya ba.

Tabbatar da `file rubutu.sh`. Idan ta ce `with CRLF line terminators`, gyara da `dos2unix rubutu.sh` ko `sed -i 's/\r$//' rubutu.sh`. Sannan ka sa `set -e` a saman rubutun don ya tsaya idan wani mataki ya gaza, ka kuma ƙara layin da zai duba `[ -s ajiya.sql ]`, wanda ke tabbatar da cewa fayil ɗin ya fi sifili. Yau ɗin nan ka ɗauki kwafi da hannunka, ka buɗe shi ka gani, kada ka jira dare.

Shi kuwa `90`, nemi layi mai kama da `[ $cika > 90 ]`. Marubucin yana nufin "ya fi 90", amma a cikin baka guda Bash ta fahimci "zuba sakamako a fayil mai suna 90". Illar ba ta tsaya ga fayil ɗin ba: gwajin zai riƙa cewa gaskiya ne ko faifan ya cika ko bai cika ba. Daidai shi ne `[ "$cika" -gt 90 ]`. Manhajar ShellCheck tana kama kurakuran nan biyu cikin ƙiftawar ido.

Idan ka duba `crontab -l`, `/etc/cron.d` da `systemctl list-timers` ba ka gano rubutun ba, ɗana masa tarko. Girka `auditd`, manhajar da ke rubuta wanda ya taɓa fayil, sannan:

`auditctl -w /root -p wa -k bakon_fayil`

Washegari `ausearch -k bakon_fayil -i` za ta ba ka manhajar da ta ƙirƙiri fayil ɗin, lambarta, lambar wadda ta kira ta, foldar da take ciki, da `auid`, watau asusun da aka shigo da shi tun farko ko da an bi ta `sudo`. Kada ka manta da `-i`, domin ba tare da ita ba sunaye masu baƙin bayit da lambobin heks suke fitowa. Mutane da yawa sukan fara da `inotifywait`, amma ita lokaci da suna kawai take faɗa, ba ta faɗin wanda ya yi. Ka cire dokar idan ka gama, musamman a folda mai yawan zirga-zirga, kada rajista ta cinye faifai.

TAMBAYA: Ma'aikatanmu suna ɗora takardu ta FTP. Fayil mai suna "ƙididdiga" sai ya koma `Æ™ididdiga`, wani kuma `??ididdiga`. Wasu kuma sun hau amma babu komai a cikinsu. *Mai karatu daga Kaduna*

AMSA: Malama, matsaloli biyu ne suka haɗu, kowace da maganinta.

A tsarin UTF-8, harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Ɗ ƙarami C9 97 ne, ɓ kuma C9 93. Manhajar da ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252 za ta ga haruffa biyu daban: ƙ ya zama `Æ™`, ɗ ya zama `É—`. Abin da za ki tantance shi ne ko sunan ne ya lalace a kan faifai ko kuwa allonki ne ke karanta shi ba daidai ba. `LC_ALL=C ls -b` za ta raba gardama. Idan kin ga `\306\231ididdiga`, sunan lafiyarsa ƙalau. Duba `locale`, ki mai da `LANG` zuwa `C.UTF-8`, ki kuma saita PuTTY ko manhajar FTP ɗin a kan UTF-8. Kada ki sauya sunan ko ɗaya.

Idan kuwa kin ga bayit biyar, `\303\206\342\204\242`, an juya sunan sau biyu a hanya. Wannan yana gyaruwa:

`convmv -r -f utf8 -t cp1252 --fixdouble /srv/takardu`

A haka gwaji kawai take yi, tana nuna abin da za ta sauya. Ki karanta jerin a tsanake, sannan ki ƙara `--notest`. In akwai rumbun bayanai ko shafin intanet da ke riƙe da tsofaffin sunayen, sai an gyara can ma, in ba haka ba mahaɗan za su mutu. Hali na uku shi ne `ls -b` ta nuna alamar tambaya ta gaske a cikin sunan. Windows-1252 ba shi da ƙ, ɗ ko ɓ, don haka wata manhaja ta jefar da harafin tun kafin ya iso. Wannan sai gyaran hannu. Sunayen da aka rubuta da ajami ma haka suke fuskanta.

Fayilolin da suka hau fanko kuwa, FTP tana amfani da hanyoyi biyu: umarni ta ƙofa ta 21, kayan fayil ta wata ƙofa daban. Idan katangar tsaro ta bar ta farko ta toshe ta biyu, ko layin intanet ya yanke a tsakani, uwar garke takan ƙirƙiri sunan ta zauna jiran kayan da ba za su iso ba. Komawa SFTP, wadda komai nata ta ƙofa ta 22 yake bi, yana kawar da matsalar katangar, ga kuma kalmar sirri ba ta tafiya a fili. Ki duba `df -h` ma. Ext4 takan keɓe wa `root` kashi 5 cikin ɗari na faifai, don haka asusun ma'aikata na iya rasa wurin rubutu alhali `root` yana rubutawa lafiya.

TAMBAYA: An ɗauke wuta, inbata ba ta ɗauka ba, uwar garken ta mutu. Da ta tashi, `ls -l` na nuna alamomin tambaya a gurbin izini, girma da kwanan wata, wani wurin kuma tana cewa `Structure needs cleaning`. Wasu fayilolin da aka adana dab da lokacin sun koma sifili. *Mai karatu daga Kano*

AMSA: Ranka ya daɗe, wannan ya bambanta da duk na sama, kuma kowane rubutu da aka ƙara a faifan yana iya ƙara ɓarna. Layin alamomin tambaya shi kaɗai yana iya zama rashin izinin `x` a kan folda, amma tunda ga saƙon `Structure needs cleaning`, kanel ta ga ɓaraka a tsarin fayil ɗin kansa.

Tsayar da ayyukan da ke rubutu, ka karanta `dmesg -T` kana neman `EXT4-fs error` da `I/O error`. Sannan `smartctl -a /dev/sda`, ka duba layuka masu lamba 5, 197 da 198, waɗanda ke ƙidaya sassan faifan da suka samu matsala. Idan 197 ko 198 sun fi sifili, faifan da kansa yana ciwo. A wannan hali kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan da `ddrescue`, tare da fayil ɗin taswira don ta iya ci gaba in an katse, ka yi gyaran a kan kwafin. Idan faifan lafiya yake, tashi na'urar daga filashi, ka tabbatar ba a ɗaura (mount) ɓangaren faifan da ya lalace ba, ka fara da `e2fsck -fn`, wadda dubawa kawai take yi, kafin `e2fsck -f`. A tsarin fayil na XFS, `xfs_repair -n` ce takwararta. Yin gyaran nan a kan ɓangaren da ke ɗaure yana aiki hanya ce ta rasa komai. Fayilolin da aka tsinto ba suna za su faɗa `lost+found` da sunaye irin `#131090`, umarnin `file` zai gaya maka ko mene ne kowannensu.

Waɗanda suka koma sifili, dalilinsu shi ne ext4 takan rubuta sunan fayil a kundinta cikin kusan daƙiƙa 5, amma kayan cikinsa na iya zama a ƙwaƙwalwa har wajen daƙiƙa 30 idan manhajar ba ta nemi a sauke su nan take ba. An yi ta kuka da wannan a 2009, har kanel 2.6.30 ta zo da sassauci ga masu sake rubuta tsohon fayil, amma sabon fayil da wuta ta yanke a tsakiyar rubuta shi har yanzu yana iya tashi fanko. Abin da bai sauka a faifai ba babu manhajar da za ta dawo da shi, sai kwafin ajiya. Ka haɗa UPS da uwar garken ta kebul ɗin USB, ka girka NUT ko `apcupsd`, domin ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya yi ƙasa.

TAMBAYA: Na ga fayiloli marasa komai a `/dev/shm` da foldar hotunan shafinmu, mai su `www-data`, asusun da shafin ke aiki da shi, ɗaya sunansa ɗigo uku. *Mai karatu daga Kumasi*

AMSA: Malam, wannan kam ka ɗauke shi da muhimmanci. Suna irin `...` ko ɗigo biyu da sarari ba ya faruwa bisa kuskure sosai, an zaɓe shi ne don ido ya tsallake. Masu kutse sukan fara da ƙirƙirar fayil fanko don su gwada ko suna iya rubutu a wurin. Ɗauki lokacin daga `stat`, ka buɗe `access.log` na Apache ko Nginx a daidai wannan daƙiƙa, ka nemi buƙatun `POST` da adireshi masu `%3B`, `%7C` ko `%3E`, waɗanda su ne `;`, `|` da `>` a ɓoye. Duba `crontab -u www-data -l`, ayyukan da ke gudana da `ps -u www-data -f`, hanyoyin da ke buɗe da `ss -tnp`, da sababbin fayilolin PHP a foldar da hotuna kaɗai ya kamata su zauna. `dpkg --verify` ko `rpm -Va` za su nuna manhajojin tsarin da aka taɓa.

Idan ya tabbata, goge fayilolin bai fitar da ɓarawon ba. Ɗauki hoton faifan, ka cire na'urar daga intanet, ka gina sabuwa daga tushe, ka toshe ƙofar da aka shigo ta ita, ka sauya duk kalmomin sirri da makullan SSH. Amma ka bambance su da fayilolin da suka fara da `sess_` a `/var/lib/php/sessions`. Waɗannan PHP ce ke yi wa kowane maziyarci, da yawansu fanko ne, illarsu kawai idan sun taru dubbai suna cinye inod. A nan ne `df -h` za ta ce akwai wuri, `df -i` kuma ta nuna kashi 100.

TAMBAYA: Me zai hana in yi `find / -empty -delete` in huta? *Mai karatu daga Sakkwato*

AMSA: Kada ka kuskura, ɗan'uwa. Fayiloli da yawa aikinsu shi ne su kasance fanko: `__init__.py` na Python, makullan `dpkg` a `/var/lib/dpkg`, sababbin rajistoci da `logrotate` ta buɗe, ga foldoji marasa komai da ayyuka ke buƙata kafin su tashi, waɗanda umarnin zai kwashe su ma. In baƙin sunaye kake nema, wannan jerawa kawai take yi, ba ta goge komai:

`LC_ALL=C find / -xdev -type f -empty -name '*[! -~]*' -ls`

Fayilolin da ke da ƙ, ɗ ko ɓ a sunansu ma za su fito a jerin, don haka ka karanta shi layi-layi kafin ka ɗauki lambar inod ko ɗaya.